Tutar da Ba Ni Na Ɗinka Ba

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya a gidan Gwaggo Saratu a Ngawundere, kuma sanyin garin bai sa ki mura ba. Ki gaishe ta da kyau, ki gaida maigidanta da yaran. Allah ya tsare zamanki da fitarki, ya tsare direban da na ba wa takardar nan har ya sa ta a hannunki.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Kin bar mini tambaya a tashar mota, kuma tun ranar ban yi wani aikin kirki a shago ba. Kin ci konkur, jarrabawar shiga aikin tsaro na jandarma, sunanki ya fito, an ce ki hau jirgin ƙasa ki tafi kudu wurin horo. Mamanki ta ce ba da yawunta ba, domin ta ji a ƙarshen horon ana jera ku a gaban tutar ƙasa ku ɗaga hannu ku yi alkawari. A wurinta Kirista ba ya ɗaga wa ƙyalle hannu, wannan da durƙusa wa gunki duk ɗaya ne. Ke kuma kika leƙo ta tagar mota kika ce, "Baba, zan jira a wurin Gwaggo. In ka ce haramun ne, zan komo gida. In ka ce in tafi, zan tafi." Sai mota ta tashi ta bar ni tsaye.

Kin san ubanki. Na sauko daga dutse ina saurayi, da wando ɗaya da karatun da ya tsaya a tsakiyar lise, wato sakandare. Malam Hamadu tela ya ɗauke ni a shagonsa, a wurinsa na koyi riƙe almakashi, a bakinsa kuma na koyi Hausar nan da nake rubuta miki da ita. Ba wanda ya bar mini gado. Yau in ana defile, faretin ranar biki, a Garwa, ki tsaya bakin hanya ki duba tutocin makarantu da na ƙungiyoyi da na 'yan siyasa, yawancinsu daga ƙarƙashin allurata suka fito. Ban saba a tambaye ni wani abu a kan tuta in rasa amsa ba. Wannan karon na rasa. Abin ya ba ni haushi, sa'an nan ya fara ba ni sha'awa.

Na shimfiɗa yadi kore da ja da rawaya, launukan tutar ƙasa, a kan tebur ina kallonsu. Tambayar da ta fara zuwa mini ita ce, yaushe ne yadi yake zama tuta? Ragowar wannan jan da shi nake goge man keke, ba wanda ya taɓa kama ni. Amma in na haɗa ukun na ɗora tauraro, mutum ya taka da gangan, sai ya kwana a komisariya a hannun 'yan sanda. Zarena ne ya sa mata girma? Ban yarda ba, na san inda nake sayen zaren.

Ina cikin haka Buba mahauci ya tsallako daga rumfarsa. Kin san shi, wanda yake ajiye miki hanta tun kina ƙarama.

Ya ce, "Tela, jam na, lafiya kuwa? Tun safe kana kallon yadi kamar zai yi maka magana."

Na gaya masa duka. Ya yi dariya har ya dafa ƙofa.

"Kai fa kake ɗinka ta! Ko ka manta ranar da ka ƙame a gaban ofishin sufurefe, hakimin gwamnati, kamar an dasa ka, da cinyar rago a hannu, kare yana shinshinarta?"

Ban manta ba. Da safe ne, na sayi nama a wurinsa zan kai gida, sai aka busa usur za a ɗaga tuta. Kin san al'adar, kowa ya tsaya inda yake, mai moto ya taka birkin babur ɗinsa, mai tallan koko ta tsaya da robarta a ka. Na tsaya. Da tutar ta kai rabin sanda na gane ɗinkina ce, ban daɗe da kai musu ita ba. Har na lura tauraron ya ɗan karkata hagu, raina ya ɓaci. Duk da haka ban motsa ba sai da aka sake busa usur.

Buba ya ce, "To wa ka tsaya wa? Ɗinkinka?"

Na ce, "Allah ya kiyaye."

Ya ce, "Ni ma ina tsayawa, kuma goshin nan bai taɓa taɓa ƙasa don wani ba sai Allah. Tsayuwa daban, sujada daban. Amma ni ba malaminku ba ne. Je ka tambayi fastonku, ni ga mutane can suna jiran nama."

Kafin in wuce, ki riƙe wannan. A wurin horo za a kwantar da ke kusa da Musulma, da 'yar kudu, da wadda ba ta taɓa shiga coci ba. Kada ki zaɓi ƙawa da sunan addininta kawai. Ki zaɓi wadda za ta gaya miki gaskiya, kuma ta san inda saninta ya tsaya.

Na tafi wurin Fasto Yakubu, na same shi a tsugune yana gyara sarƙar motonsa. Da ya ji zancen ya goge hannu ya ce, "Dattijo, ka san a cikin sunayen Allah akwai wanda ya shafi sana'arka?" Na zaci wasa yake yi. Ni da nake dattijon ikkilisiya, na san Makiyayi, na san Mai Tanadi, na san Maɗaukaki. Ya ce akwai wani kuma, da Ibrananci ana cewa Yahwe Nissi, ma'anarsa Ubangiji ne tutata.

Ya ba ni labarin, na kuma tuna na sha jin rabinsa. Maƙiya sun tare mutanen Allah a jeji. Musa ya hau tudu da sanda a hannunsa. In hannuwansa suna sama, mutanensa suna rinjaye, in ya gaji ya sauke, maƙiya su taso. Sai mutum biyu suka kawo dutse ya zauna, suka riƙe masa hannuwan, ɗaya a dama ɗaya a hagu, har aka ci yaƙin. Rabin da ban taɓa sa wa kunne ba shi ne abin da ya biyo baya. Musa ya gina bagade a wurin, ya sa masa wannan suna.

Na ce, "Fasto, wace irin tuta ce? Wane yadi? Wace kala?"

Ya ce, "Ba a faɗi kala ba, Dattijo. Masana sun ce mai yiwuwa a zamanin doguwar sanda ce da alama a kanta, a kafa ta a kan tudu don mayaƙa su san inda nasu suke."

Na ce, "Ba tela a cikin maganar ke nan."

Ya ce, "Ko ɗaya."

Gaskiya na ɗan ji ba daɗi. Sai na tambaye shi kai tsaye, ta ɗaga hannun ko kada ta ɗaga? Ya ce abin da Ubangiji yake nema a bakin nasa shi ne in sun ce i ya zama i, saboda haka alkawarin da mutum zai iya cikawa ba tare da ya saɓa wa Allah ba, ba laifi ba ne. "Amma sunan nan," in ji shi, "tambayarsa ta fi wannan. Yana tambaya, kai na wane ne? Ka fi ni sanin aikin da tuta take yi. Je ka yi tunani, in ka gano wani abu ka zo ka gaya mini."

Na yi ta juya abin a hanya. Me ya sa Musa bai ce sandata ce tutata ba? Ai sandar ce mutane suka gani a sama. Me ya sa bai ambaci hannuwansa da suka sha wahala ba, ko jarumin da ya ja mayaƙan a ƙasa? Da ni ne, ina jin da sunan shagona ya fito a wani gefe na bagaden. Ina wannan tunani sai abubuwa biyu da suka faru da ni suka komo mini, ga su.

Na farko, kina goye a lokacin. Zumuntar mata ta cocinmu za ta je babban taro, aka ba ni ɗinkin tutarsu, irin mai faɗi da ake ɗaura wa gora biyu. Na zaɓi yadi mai kauri, na yanka haruffa manya na ɗinka su ɗaya bayan ɗaya. Malam Hamadu, ya tsufa a lokacin, ya zo ya shafa ta ya ce, "Ta yi kyau. Yanzu ka yanka mata ƙananan tagogi don iska ta wuce." Na ce in huda wannan aikin? Ba zan yi ba. Ya ce to, ya kama hanyarsa.

Ranar tafiya matan suka jeru suna waƙa ta wajen kogin Binuwai, sai iskar hadari ta taso. Tutar ta cika ta kumbura, ta fara jan masu riƙe da gorar. Ɗaya daga cikinsu mamanki ce. Ɗayar matar ta saki tata ta tsira. Mamanki ta ƙi saki, iska ta ja ta har cikin lambun albasar wani, ke kina baya kina tsala ihu. Ta fito da taɓo har gira, da gorar a hannu. Maganar da ta gaya mini ranar ba ta rubutuwa. Tun daga nan duk tutar da ta fita shagona da tagoginta.

Ke ma ki bar wa iska hanya. A wurin horo za a yi miki tsawa a kan abin da ba ki yi ba. Za a yi dariyar Faransancinki na arewa, wata za ta kwaikwayi yadda kike rufe ido kafin ki ci abinci. Yawancin wannan iska ce kawai, ki bari ta wuce. Na ga Kiristocin da suke zaton kowace baƙar magana yaƙin Ubangiji ce, sai su tare ta da ƙirji, su faɗi, su ja na kusa da su. Ki ajiye ƙarfinki don ranar da za a bukace shi da gaske.

Na biyu shi ne ya ba ni amsar tambayarki. Wata shekara ranar bikin tashin Almasihu, ikkilisiya za ta zaga unguwa da waƙa. Na ɗinka sabuwar tuta, na ce ni zan ɗauka da kaina, tun da ni na san nauyinta. Aka yarda. An riga an shirya hanya, daga coci a miƙe zuwa karfu, inda hanyoyi suka haɗu, a juya dama a komo ta bayan makaranta. Ina gaba, ganga tana bayana, mutane suna fitowa ƙofar gida suna kallo. Da muka kai karfu sai na ga ai in muka juya hagu za mu bi ta gaban shagona, 'yan kasuwa su ga aikin. Ban yi shawara da kowa ba, ƙafata ce kawai ta juya.

Rabin mawaƙa suka biyo ni. Sauran, da mai ganga da fasto na wancan lokaci, suka juya dama yadda aka shirya. Muka isa gaban shago ba ganga, waƙa ta watse, muna tsaye a tsakiyar masu tumatir. Buba ya ɗaga wuƙarsa ya ce, "Tela, ina sauran Kiristocin, ko ka sayar da su a hanya?" Wata tsohuwa a cikin waɗanda suka biyo ni, Mama Tabita, ta ja rigata ta ce, "Ɗana, ina za ka kai mu? Mu ba kai muke bi ba, tutar muke bi."

Shekaru na ɗauki wannan a matsayin labarin ban dariya. Sai a hanyar dawowa daga gidan Fasto na ga abin da ke cikinsa. Kowace tuta da na taɓa ɗinkawa, mutum ne yake ɗaukarta. Ba ta da ƙafa. In mai ɗaukar ya juya hagu don wata bukata tasa, ita ma ta juya, kuma mutanen kirki su bi ta da zuciya ɗaya har tsakiyar masu tumatir. Tutar ƙasa ma haka take, Rahila. Abin da take faɗa mai kyau ne, cewa mutumin dutse da Bafulatani da ɗan kurmi gida ɗaya suke. Amma kullum a hannun wani take, kuma wannan wanin mutum ne irina.

Ina jin abin da Musa ya gani ke nan. Shi da kansa ya san hannunsa yana gajiya, sai da aka riƙe masa. Sanda kuwa ana iya karɓe ta. Sai ya nuna wa mutanensa tutar da ba wanda yake ɗaukarta ya kai ta ƙofar shagonsa. Ubangiji ba ya shiga hannun kowa, ba na hafsa ba, ba na fasto ba, ba na ubanki ba. Wanda ya ce shi ne tutarsa, ya ce ke nan in an watse wurinsa zan koma, in hanya ta rabu inda ya nufa zan nufa, ko da mai ganga da sauran jama'a sun bi ta can.

Na koma na gaya wa Fasto. Ya ce zai sa a wa'azi, na ce ya sa amma ya cire zancen tumatir.

To ga amsata. Ɗaga hannu a gaban tutar ƙasa ba sujada ba ce. Alkawari ne cewa za ki tsare mutanen ƙasar nan da gaskiya, kuma wannan aiki ne da Kirista zai yi ba kunya. Ki yi shi da dukan zuciyarki, kada ki riƙa motsa baki kawai. Ki yi wa manyanki biyayya, ki riga kowa tashi, ki goge takalminki har ya fi na kowa ƙyalli, kada a ce 'yar tela ce ta fi kowa yamutsattsen kaki. Amma ki sani tun yanzu, sanda ɗaya ba ta ɗaukar tuta biyu a ƙololuwa. Na sha ɗaura biyu a sanda guda, dole ɗaya ta zauna a ƙasan ɗaya. Ki san wadda take sama kafin ki ɗaga hannun, ba bayan kin ɗaga ba.

Mai yiwuwa ki yi aikinki har ki tsufa biyun ba su taɓa rabuwa ba, haka nake roƙo. Amma in wata rana wani na sama da ke ya ce ki ɗora wa marar laifi laifi, ko ki daki wanda aka riga aka ɗaure, ko ki kau da ido ga mai ƙarfi don ya cuci marar ƙarfi, to karfu ke nan kin iso. Kada ki yi rashin kunya, kada ki yi wa'azi. Ki tsaya ki ce ba za ki iya ba. In abin ya ci aikinki, ki komo gida da kanki a sama. Akwai keke a shago, kuma kin fi yayyenki iya kalmasa.

Ba zan ce na gane komai ba. Har yanzu ina mamakin yadda Allah ya yarda a kira shi da sunan da aka samo a ranar yaƙi, shi da ya aiko Ɗansa ya mutu ba tare da ya ɗaga wa kowa hannu ba. Kuma ban san yadda mutum yake ganewa a cikin gaggawa cewa umarnin nan juyawa hagu ne ba, domin ranar tawa waɗanda suka biyo ni ba su gane ba sai da ganga ta yi nisa. Abin da na sani shi ne wanda ya saba jin muryar Ubangiji a ranakun lafiya ya fi saurin ganewa. Saboda haka ki nemi coci a duk inda aka kai ki, ki nemi mutum biyu masu addu'a da za ki iya gaya wa kin gaji. Ke da za ki shiga cikin abin, wata rana za ki fi ni sani, sai ki zo ki koya mini.

Saura mamanki. Na same ta da rana a tsakar gida tana tsinke ganyen yakuwa, na zauna na kwashe mata duka, daga Buba har Musa. Ba ta ɗago kai ba sai da na yi shiru.

Ta ce, "Baban Rahila, ka gama wa'azin?"

Na ce na gama.

Ta ce, "Kana zaton ban san yadi yadi ne ba? Shekara nawa ina share ragowarsa a gidan nan? Za su aske mata kai, su canja mata tafiya, su kai ta inda ake harbi. In ta komo ma ta riƙa yi mini magana kamar ta tare ni a hanya. Za ta zama tasu. Shi ne abin da ban so."

Sa'an nan na ce, "Ba za ta zama tasu ba. Amma ranar da muka tsaya a bakin ruwa aka yi mata baftisma, kin ji abin da ta amsa da bakinta. Tun ranar ba tamu ba ce mu ma, ta Ubangiji ce."

Ta jefa ganyen a kwano ta shiga ɗaki. Na zaci na ɓata komai, kin san ita ba ta sakin abin da ta riƙe. Na zauna ina kallon kaji. Da ta fito idonta ya yi ja, ta tsaya a kaina ta ce, "Ka rubuta mata ta hau jirgin. Amma ka rubuta cewa ban ce na ji daɗi ba. Ka rubuta haka, kada ka gyara mini magana."

Ga shi na rubuta, ban gyara ba.

Ki hau jirgin, Rahila.

Ubangiji ya shiga gabanki a kan hanyar ƙarfen nan har kudu. Ya tsare ki daga zazzaɓi, daga harsashi, daga mugun aboki da mugun umarni. Ya ba ki ƙafa mai ƙarfi da zuciya mai taushi, ya ta'azantar da wadda kika bari a gida, ya komo mana da ke lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus Tela, Garwa